Biyu Cikin Uku

Shafi na 23

Masu cewa na jiya ya yi kaɗan, ga shi na ƙara muku. A samu wuri a zauna kafin a karanta.

Ranar Alhamis labarin ya iso, kwana goma sha tara da rasuwar Dakta.

Mama tana kan keke tana kafa aljihun rigar 'yan makaranta, sai wayarsa ta yi ƙara a cikin akwatin zare. Nan ta ajiye ta tun ranar da aka kawo mata kayansa a leda. Ta ɗauka. Wani namiji ne yake zuba harshen boko da sauri, da murna a muryarsa. Sunan ɗanta kawai ta tsinta a ciki.

"Auta! Zo ki ji wannan, ni ban kama komai ba."

Auta ta shigo daga baranda, gumi har gwiwar hannu, igiyar tsalle a wuya. Ta karɓi wayar. Ta ce e, ta ce a'a, ta juya wa Mama baya ta yi magana ƙasa-ƙasa. Sannan ta ajiye.

"Wane ne?"

"Shugaban ɗakin binciken nan ne. Inda Yaya ya nemi aiki."

"Me ya ce?"

"Wai ya samu."

Mama ta cire ƙafa daga keke.

"Mutum sittin da huɗu suka nema, shi suka ɗauka. Shekara biyu. Wai ya zo farkon wata."

"Kin faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Sai ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Har na tambaya ko layin ya yanke, ya ce a'a, yana nan."

"Allah sarki," in ji Mama.

Ta mayar da ƙafa kan keke ta ƙarasa aljihun. Sai da ta ɗaga rigar ta ga ta ɗinke bakinsa ruf, ba ta inda hannu zai shiga. Ta ɗauko reza ta fara farkewa.

Dakta dai dakta ne na takarda, bai taɓa yi wa ko kaza allura ba. Maƙwabta kan kawo masa ciwon baya, ya ce su je asibiti, su tafi suna cewa an yi asarar kuɗin makaranta. Aikinsa zama gaban kwamfuta. Ita ma Mama, da aji huɗu ta yi ta bari, ta sha tambayarsa me yake kallo haka. Wata rana ya zaro samfurin wuyan riga daga ƙusa, irin takardar da take ɗorawa a kan yadi ta bi gefenta da alli kafin ta yanka.

"Mama, in wannan ya karkace da faɗin farce, riga nawa za ki ɓata?"

"Duk wadda na yanka da shi."

"To jikin mutum ma da samfuri ake yanka shi. Akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa, furotin, su ke yin aikin jiki. In samfurin ɗaya ya karkace, haka za a yi ta yanka shi a karkace, daga uwa ko uba zuwa ɗa. Wani karkacen ba ya komai. Wani yana kashewa. Ni aikina in sa kwamfuta ta gane mini wanne ne wanne."

"Ashe kai ma tela ne."

"Telan da bai iya kafa maɓalli ba."

Aikin da ya samu ke nan, irin wanda ake ba wanda ya gama digirin dakta don ya ƙara gogewa a hannun manya. Wata bakwai yana shirin nemansa. Ya faɗi a matattakalar wurin aikinsu ranar wata Asabar, da kwalin littattafai a hannu, yana da shekara talatin da ɗaya. Babansu ma haka ya tafi, yana ɗaure kaya a bayan babbar mota, ba ciwo ba jinya.

*

Washegari da hantsi Mai Tabarau ta zo. Abokiyar aikin Dakta ce, teburinsu ɗaya shekara biyar. Gajeriya, da jakar goyo da ta kusa rinjayarta. Ta tsaya a bakin shago tana murza igiyar jakar.

"Shigo mana, 'yata. Ko an ce miki ana biyan kuɗin shiga?"

Ta shigo, ta gaishe da Mama, ta ƙara yi mata gaisuwar rashi. Auta tana zaune a kan teburin yanka tana ɗaure igiyar takalmi.

"Anti, sannu da zuwa."

"Yauwa, Auta. Ana ta shiri?"

"Litinin ne gudun gwajin ɗaukar aiki. In na tsallake shi, na zama mai kashe gobara, ku huta da ni."

Mai Tabarau ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki, ta rungume jakarta.

"Mama, kafin ki ji a bakin wani, gara ki ji a bakina. Aikin nan ni ma na nema. Shi ya zo na ɗaya, ni ta biyu. Jiya da yamma suka kira ni."

Auta ta saki igiyar takalmi.

"Kan uban can! Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba!"

"Ke, rufe mana baki," in ji Mama. Ta dubi baƙuwar. "Za ki karɓa?"

"Zan karɓa, Mama. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Gara da kika faɗi gaskiya. Da a bar kujerar ƙura ta hau, gara wadda ta san shi ta zauna. Shayi ko ruwa?"

"Ba shi ya kawo ni ba."

Ta ciro kwamfutarta, ta ture almakashi da alli gefe, ta buɗe a kan teburin yanka.

"Sun ce in tattara musu aikinsa duka, daga inda ya tsaya zan ɗora. Shi ne jiya na shiga ma'ajiyarsa ta kwamfuta. Ku matso."

Wani abu ne yake juyawa a fuskar kwamfutar, kamar ragowar ribon da kyanwa ta yi wasa da shi, shuɗi da kore da ruwan ɗorawa, duk a cukurkuɗe. A can tsakiya akwai ɗigo guda ja.

"Wannan furotin ɗin a tsokar zuciya yake aiki. Shi ke kamawa ya saki, ya kama ya saki. Nan da kika ga ja, nan ne ya karkace. A da, duk wanda aka samu da wannan karkacen, sai a rubuta masa 'ba a san illarsa ba', a sallame shi. Dakta ya ce bai yarda ba. Wata bakwai yana sa kwamfuta tana ja, tana lanƙwasawa, tana gwadawa. Lissafinsa ya nuna yana kama, amma ba ya saki da kyau. Bangon zuciya ya yi ta kauri. Mutum yana yawonsa lafiya lau, ranar da ya takura ta, bugun ya rikice."

"Shi ya sa suka ɗauke shi?"

"Shi ya sa. Ya ce musu a wani gida ya samo. Ni ma haka ya ce mini, wani gida." Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Mama, kwanakin baya ya taɓa kawo muku wasu 'yan kwalabe ku tofa yawu?"

Mama ta tuna. A wannan teburin ma aka yi. Ya karanta mata wata doguwar takarda, ta rubuta sunanta a ƙasa a hankali, Auta tana cewa yau ga yawun talaka ya yi daraja. Shi ma ya tofa nasa.

"An yi haka."

"Ku uku?"

"Mu nawa muka rage?"

Mai Tabarau ta danna wani wuri. Layi uku suka fito.

"Sakamakon ya zo masa ranar Alhamis, ya faɗi ranar Asabar. Ga shi. Lamba sha bakwai, ba komai, fes. Lamba hamsin da biyu, akwai karkacen. Nan gefe ya rubuta 'ni'. Lamba tamanin, akwai karkacen."

A waje wata babbar mota ta wuce, gilashin taga ya yi rawa.

"Tamanin wace ce?" in ji Mama.

"Shi ne ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba? Ba ga shi a gabanki ba?"

"Ba a haɗa suna da sakamako a kwamfuta, Mama. Doka ce a aikinmu, don sirrin mutane. Su ma waɗanda suka yi gwajin lamba kawai aka aika musu, kuma gurbi ɗaya tak suka duba, ba abin da zai nuna babba ko yarinya. Sunayen a takarda ɗaya ake rubutawa, da hannu, mai binciken ya adana."

"To ai ba sai an yi bincike ba. Na babansu ne. Kowa ya ga yadda ya tafi."

"Mai yiwuwa. Ba a taɓa gwada shi ba. Amma ki lura, Mama. In ta wajen Baba ya zo, ke ba ki da shi."

Mama ta juya. Ta dubi Auta. Auta tana kallon takalminta.

"To ba na babansu ba ne," in ji Mama da sauri. "Nawa ne. Ni ce tamanin. Rubuta."

"Ba a zaɓa, Mama."

"Ni na ce ki rubuta! Ina haki in na hau bene. Tambayi kowa."

"Kina haki ne don kina hawa da bandir ɗin yadi a ka," in ji Auta.

Mama ta koma ta zauna a kan kujerar keke. Ta jawo waccan Juma'ar ta kafin ya faɗi a ranta, kwana ɗaya tak da ya yi da sanin abin, ta juya ta ta kowane gefe. Ya karɓi bandir daga kanta a matattakala, e. Amma kullum yana karɓa. Ya tambayi Auta yaushe ne gudun nasu, e. Amma wa bai tambaye ta ba? Ya ci abincinsa, ya bar mata kwanon ba wanki kamar yadda ya saba. Ya ce ranar Talata kada kowa ta je ko'ina, zai fita da su. Ta ɗauka murnar wani abu za a yi.

"A sake gwajin," in ji ta.

"Za a sake. Mako biyar ne, ko shida."

"Gudun kuma Litinin."

"Shi ya sa na zo da wuri haka. Na duba aljihun teburinsa a wurin aiki, na zazzage kwalin da ya faɗi da shi, babu. Dole tana ɗakinsa. Farar takarda ce, layi uku, kin san shi da koren biro."

Koren biro.

Mama ba ta tashi ba. Idonta ya tafi bango, kan ƙusar da samfura ke rataye.

"Mama, a ba ni makullin ɗakin?"

"Ba sai kin shiga ba."

"Na'am?"

"Na ce ba sai kin shiga ba. Babu takarda a teburinsa."

"Wa ya kwashe?"

"Ni."

Ta faɗa ne kamar mai faɗin kuɗin ɗinki, ba ta ɗaga murya ba.

"Tun yana sakandare muke haka da shi. Takardar da ya gama da ita, ya jefa a kwalin da ke ƙarƙashin teburi, wannan nawa ne, in yanka samfuri. Ta kan teburi kuma ba a taɓawa. Ban taɓa taɓawa ba, shekara goma sha biyar. Ranar da ya cika kwana goma, makarantar nan suka aiko, riga arba'in, sun canza fasalin wuya da hannu. Na shiga ɗakin. Kwalin cike yake, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma duk bugun inji ne. Na kan teburi su ne da rubutun hannunsa."

Ta sake duban samfuran.

"Na ce tunda yini nake da samfuri a hannu, gara ya zama mai rubutunsa."

Mai Tabarau ta rufe bakinta da tafin hannu.

"Kin yanka?"

"Na manna su biyu-biyu da gam, don su yi ƙarfi. Rubutun na sa a ciki kada alli ya ɓata shi. Sannan na yanka."

"Duka?"

"Duka. Ni ban san lamba ba, 'yata. Na san hannunsa ne kawai."

Mai Tabarau ta miƙe, ta naɗe hannun rigarta.

"Ba a ƙone ba ai. Ina butar shayi?"

*

Suka rufe ƙofar shago rabi. Mama ta sauko da samfuran duka ta shimfiɗa a teburi: wuya, aljihu, kafaɗa, bakin hannu, kowanne da lambar girmansa a kusurwa. Aka ɗora buta. In ta tafasa, Mai Tabarau ta kara samfuri a bakin tururi, Mama ta zura tsinin allura tsakanin takardun biyu ta ɗaga a hankali.

Na farko ya buɗe. Lissafi ne, da zanen kibiyoyi.

Na biyu, jerin abin da zai saya in ya samu aikin. Rigar sanyi. Jaka mai taya. Injin keken Mama.

Mama ta karanta wannan da yatsa, harafi harafi, ta ajiye shi gefe daban.

Wata mata ta leƙo tana tambayar siket ɗinta.

"Gobe."

"Jiya ma gobe kika ce."

"To kin ga ban canza magana ba. Ja mini ƙofar."

Auta ba ta sa hannu ba. Tana jingine da bango, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

"Ke ba za ki taya mu ba?"

"Hannuna da gumi."

A na tara koren biro ya fito. Wuyan riga ne, mai lamba takwas. Saman takardar ne, da kwanan wata da wata kalma da ya ja wa layi.

"Ita ce!" in ji Mai Tabarau. "Mama, me kika yanka da sauran?"

Mama ta auna da ido. Ita ta san yadda take cin takarda, ba ta barin ko faɗin yatsa ya tafi a banza.

"In wuya ya ci sama, aljihu ya ci ƙasa ta hagu. Ba ni aljihu mai lamba takwas."

Aka kara shi a tururi. Ya buɗe. Lambobi uku a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: sha bakwai, hamsin da biyu, tamanin. Daga kowace lamba ya ja kibiya zuwa dama. A daidai nan almakashin Mama ya bi.

"Dama fa?"

"Bakin hannu ne. Siriri ne, nan kawai zai fita."

Ta shiga ɗaga su ɗaya-ɗaya. Bakin hannu mai lamba shida. Mai lamba goma. Mai lamba sha biyu.

Babu takwas.

Ta sake bi daga farko. Ta duba ƙarƙashin teburi, ta zazzage kwandon ƙyallaye a ƙasa, ta ja keke gaba ta leƙa bayansa, ta ɗaga dutsen guga. Ta ɗauko rigunan da ta gama, tana zura hannu a kowane aljihu.

"Ko an share da shara?" in ji Mai Tabarau.

"Shekara talatin ina ɗinki, samfuri bai taɓa ɓata a shagona ba. Almakashi ya ɓata, tef ya ɓata, kuɗi ma sun ɓata. Samfuri, a'a. Daga hannu sai ƙusa."

"Yaushe rabonki da shi?"

"Lahadi. Ranar aka yanka hannun 'yan lamba takwas. Ni ina kan keke, na ce wa..."

Ta tsaya, riga a hannu.

Ta juyo a hankali.

"Ku daina wahalar da kanku," in ji Auta. "Yana wurina."

Butar tana ta huci, ba wanda ya sauke ta.

"Me kika ce?"

"Na ce yana wurina. Ina bin gefensa da alli a bakin taga, rana ta haska shi, na ga koren biro ta ciki. Na ɓare."

"Me ke ciki?"

"Sunayenmu. Ya zagaye biyu. A gefe ya rubuta 'asibiti, Talata'."

"Tun Lahadi?"

"Tun Lahadi."

"Kina kwana da ni a gida ɗaya, kina cin abinci a kwano ɗaya da ni, kwana biyar?"

"E."

Mama ta ajiye rigar. Ta miƙa hannu, tafin a sama.

"Ba ni."

"Bayan Litinin."

"Auta, ba ni takardar nan."

"Mama, ki saurare ni. In ni ce, za ki ɗaure ni a ƙafar keken nan, na sani. In ke ce, za ki zauna a kan kujerar nan ki ce ke kika ba shi, ke kika kashe ɗanki da kanki. Ba za ki ƙara sa loma a baki ba. Kwana ashirin ina lallaɓa ki da cokali kamar jaririya. To faɗa mini, wanne zan miƙa miki?"

"Ki ba ni nawa, ko wanne ne."

"Duka biyun naki ne, shi ya sa."

Mai Tabarau ta sauke butar, ta matso.

"Auta, ji nan. Kada ki nuna wa Mama. Ni kaɗai ki nuna wa. In ke ce sha bakwai, wallahi ni zan raka ki filin, in riƙe miki ruwa."

"Anti, fuskarki ba ta riƙe magana. Tun daga bakin ƙofa Mama ta karanta ki."

"To mu je a ɗauki hoton zuciyarki. Yau ma ana iya yi. In bangon ya yi kauri za a gani."

"In an gani a rubuta. In an rubuta, shi ke nan, ba mai ɗaukata. In ba a gani ba kuma ki ce wani lokaci ba ya nunawa da wuri. Ƙarya na yi?"

Auta ta ci gaba.

"Sau uku ina nema. Na farko suka ce tsayina ya gaza da kaurin biskit. Na biyu zazzaɓi ya kwantar da ni. Wata mai zuwa shekaruna sun wuce ƙa'ida. Kilomita biyar ne kawai, kullum ina yin bakwai."

"Yayanki ma kullum yana hawa matattakalar nan," in ji Mama.

"Ke fa, Anti, ba lissafi ba ne? Kwamfuta ce ta faɗa. Kwamfuta ba ta kuskure?"

"Tana yi. Lissafi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai likita ya haɗa da nasa." Ta gyara tabarau. "Amma mai lissafin ya rubuta 'ni', bayan kwana biyu ya faɗi. Ni ban taɓa fatan aikin wani ya zama kuskure kamar wannan ba, kuma a kansa zan ci abinci shekara biyu."

Mama ta taka har gaban Auta. Auta ta fi ta tsayi yanzu, sai da Mama ta ɗaga kai.

"Dube ni."

Auta ta dube ta.

"Abu ɗaya zan tambaye ki. Kina ɓoyewa ne don ki yi gudu, ko don ni?"

"In na amsa wannan ai na ba ki takardar."

"Na haife ki, na san ƙaryarki tun kina satar sukari."

"To karanta ni."

Mama ta duba. Ta duba idon, ta duba gefen bakin da yakan motsa in tana ƙarya, ta duba jijiyar wuya. Fuskar babanta ce sak, ba ta ba da komai ba.

"Ina kika ajiye?"

"Inda tururi ba zai kai ba."

Auta ta zare igiyar tsalle daga kan ƙusa, ta bi ta ƙofar ciki ta hau sama. Suka ji ta turo ƙofar ɗakinta, suka ji sakata.

Mai Tabarau ta haɗa wuyan da aljihun wuri ɗaya, ta sa a cikin littafi.

"Zan dawo gobe da likitan da Dakta ya shirya kai ku wurinsa. Na ga sunansa a kalandarsa. Mama, ko ta halin yaya, kada ta yi gudu kafin nan. Ke ma kada ki ɗauki kaya."

"Ni ki bar ni."

"Ba zan bar ki ba. Ɗaya daga cikinku ce."

Ta goya jakarta ta tafi. Mama ta share ƙyallayen da ta zazzage, ta mayar da sauran samfuran kan ƙusa, ta gama siket ɗin matar nan.

*

Tun rasuwar Dakta, Mama ta ɗauki wata ɗabi'a da ba ta gaya wa kowa ba. Kowace safiya, kafin ta sauka ta buɗe shago, takan cire takalmi ta tsaya a ƙofar ɗakin Auta, ta kara kunne a katako. Takan ƙirga numfashi goma. In ya cika goma, ta sa takalminta ta sauka. Har yau ba ta daina ba, duk da abin da ya biyo baya.

Ranar Asabar ta tsaya, takalmi a hannu.

Ta kara kunne.

Ba ɗaya, balle goma.

Ta taɓa ƙofar, ta buɗe da kanta. An gyara gado tsaf. Taga a buɗe. Takalman gudu ba sa ƙarƙashin kujera.

A kan matashi, an soke wata siririyar takarda da fil, a kife. A kusurwarta akwai lamba takwas, da hannun Mama.

Ta zare fil ɗin ta soke a gaban rigarta, yadda ta saba. Ta je bakin taga inda haske yake. Ta juya takardar.

Suna uku. Biyu a zagaye.

Na tsakiya na Dakta ne.

Ta ɗora yatsa a kan ɗayan da aka zagaye, ta fara haɗa harafin farko.